Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Koyon Sana'ar Hoto da Fim a Ƙasar Hausa



GABATARWA

Abin da zan yi magana a kai shi ne tarihin yadda mutanenmu suka koyi riƙe injin ɗaukar hoto, tun daga zamanin da Bature kaɗai ke leƙa cikinsa, har zuwa yau da kusan kowane ɗalibi a wannan zaure yake da nasa a aljihu. Ba tarihin finafinai zan kawo ba, tarihin koyo da koyarwa ne. Tambayoyina uku ne: wa ya koyar, wa aka koya wa, kuma me aka yarda a koya masa?

Abin da nake so in tabbatar shi ne, wannan sana'a ta shigo mana ta hanyoyi uku, watau hanyar gwamnati, da hanyar kasuwa, da hanyar makaranta, kuma kowace ta riƙe wani yanki na ilmin ta bar saura. Muddin ba a haɗa su ba, to, duk wani shirin horar da matasa da za a ƙaddamar zai maimaita kuskuren da aka riga aka yi.

KOYON SANA'A A GARGAJIYE

Bahaushe bai jira zuwan Turawa ba kafin ya san yadda ake koyar da sana'a. Maƙera da masaƙa da dukawa da marina, irin na Ƙofar Mata a Kano, duk suna da tsarinsu. Yaro yakan fara da zuga-zugi ko ɗebo ruwa, ya yi shekaru yana kallon hannun maigidansa, kafin a ba shi guduma. In ya ƙware, sai a yaye shi, a sa masa albarka, wani lokaci har a ba shi jari. Akwai kuma sarkin sana'a, kamar Sarkin Maƙera, wanda ke tsawata wa mai algus da mai ƙaramin aiki. Abu uku ke nan a haɗe wuri guda: gwani mai koyarwa, da aikin hannu na kullum, da hukuma mai kula da inganci. Ina roƙon ku riƙe waɗannan ukun, don da su za mu auna duk abin da ya biyo baya.

Da Turawa suka kafa makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, a ƙarƙashin Hans Vischer wanda ake kira Ɗan Hausa, sun haɗa da sashen koyar da sana'o'in hannu. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai daraja ta koma wajen mai alƙalami. Wanda ya fito ya zama malamin En'e ko akawu, shi ne ɗan boko. Mai aikin hannu kuwa aka bar shi a baya. Wannan raini ya bi sana'ar hoto tun ranar da ta iso.

HANYA TA FARKO: GWAMNATI DA MAJIGI

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, aka kuma fara nuna hoto mai motsi ga 'yan kallo masu biya a birnin Faris a 1895. Ba a daɗe ba abin ya iso gaɓar tekunmu. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny wanda ya rasu a 1905, yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka ci abinci da sana'ar hoto, kuma a 1903 aka fara nuna fim a Ikko. A nan Arewa kuwa, hotunan farko na sarakuna da ganuwa da kasuwanni, yawancinsu sojoji da razdanoni da 'yan mishan suka ɗauka. Mu ne abin kallo, su ne masu kallo.

Wani jami'in kiwon lafiya a Ikko mai suna William Sellers shi ne ya fara amfani da fim sosai wajen wayar da kai, musamman game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga nan motocin majigi suka yawaita a garuruwanmu. Kalmar majigi ma ta samo asali ne daga sunan da Turawa ke kiran fitilar da ke haska hotuna a bango, watau fitilar sihiri. Mota takan zo da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada bayan magariba, a nuna tsabta da noma da ziyarar manya, ga kuma mai sharhi yana fassara da Hausa ta lasifika.

Sellers yana da ra'ayin cewa baƙar fata ba ya gane fim sai an sassauta masa: kada a yi saurin sauya hoto, kada a yi dabarun kyamara, kada a cika abubuwa da yawa a fage ɗaya. Akwai wani labari da ya yi ta yawo a tsakanin jami'an wannan zamani, wai an nuna wa ƙauyawa fim na tsabta, da aka tambaye su abin da suka gani, sai suka ce kaza, wadda ta gifta a gefen hoton. Turawan suka ɗauki wannan hujjar rashin fahimta. Amma in an duba da idon basira, 'yan kallon nan sun ga abin da shi mai ɗaukar hoton bai lura da shi ba.

To, mai irin wannan ra'ayi, me zai koya wa ɗalibinsa? A lokacin yaƙi hukumar takan aiko wa jami'anta kyamara da ɗanyen fim mai faɗin milimita 16, su ɗauka, a mayar Landan a wanke, a yanke, a haɗa, sa'an nan a aiko musu da gyare-gyare. A 1948 aka buɗe makarantar horar da 'yan Afirka ta Yamma a Ankara, ta 'yan watanni, da ɗalibai 'yan ƙalilan daga Nijeriya da ƙasar da a yau ake kira Gana. An koya musu auna haske da riƙe kyamara da tsara ɗan gajeren fim na wayar da kai. Abin da ba a miƙa musu ba shi ne ikon zaɓen labari, da ɗakin wanki, da teburin haɗawa. Kowa ya san aikin fim ya san a wajen haɗawa ake yanke hukuncin abin da fim zai faɗa. An koyar da hannu, an riƙe baki.

Duk da haka, wannan hanya ta haifar da gwanaye. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen fim a Kaduna, kuma dattawa da yawa suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi a shekarun 1950 don kyautata noman auduga. A wannan sashe Adamu Halilu ya yi aiki, shi ne kuma a 1976 ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, bisa wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara. Da aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, shi aka fara ba shugabancinta.

Yana da kyau mu leƙa maƙwabtanmu na Nijar, don a can koyon ya bi ta hannun mutum ɗaya ne fiye da ta ofis. Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu, ya haɗu da Oumarou Ganda yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya sa shi a fim ɗinsa na 1958. Ganda ya koma Yamai ya koyi aikin, har fim ɗinsa ya ci babbar lambar bikin finafinai na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Moustapha Alassane, wanda asalinsa makaniki ne, shi ma ya bi ta hannun Rouch, ya ƙaro ilmi a Kanada, ya zama jagaba a fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Bambancin shi ne, su an bar su sun faɗi nasu labarin tun da wuri.

Talabijin ta faɗaɗa wannan hanya. An buɗe ta farko a Badun a 1959, ta Kaduna kuma a 1962. Bayan gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977, an buɗe kwalejin horar da ma'aikatan talabijin a Jos a 1980, shekara biyu bayan Gana ta kafa tata makarantar fim da talabijin a Ankara. Jihar Kano ta buɗe tashar CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A waɗannan gidaje aka goge masu kyamara da masu sauti waɗanda suka fito da wasanni irin na Samanja da na Ƙasimu Yero. Horon yana da kyau, amma ƙofarsa ƙarama ce: sai wanda aka ɗauka aiki.

HANYA TA BIYU: SHAGO DA KASUWA

Tun gwamnati na horar da 'yan ƙalilan, kasuwa tana horar da ɗaruruwa ba tare da takarda ba. Masu hoto na farko a biranen Arewa yawancinsu baƙi ne daga Kudu da gaɓar teku, mazauna Sabon Gari. Dattawa suna tuna mai hoto da akwatinsa mai ƙafa uku, yana lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Bukatar fasfo na aikin hajji, da katin shaida, da hoton makaranta da na biki, ita ta sa sana'ar ta kafu, duk da cewa malamai sun daɗe suna muhawara kan hukuncin sura. Yaron shago yakan fara da shara da riƙe fitila, daga nan a shigar da shi ɗakin duhu ya koyi haɗa magani da ƙidayar daƙiƙoƙin wanki, kafin a bar shi ya ɗauki hoton kowa. Tsarin maƙera ne sak.

Silima kuwa ta sha da ƙyar wajen samun mutunci. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, kusa da wuraren da mutanen birni ke ƙyama. Gobarar gidan silima na El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane tsoro, har wasu suka ɗauke ta ishara. Saboda haka uba mai mutunci ba ya kai ɗansa koyon abin da ya shafi silima. Wannan ya sa sana'ar ta daɗe ba ta sami sarkinta ba.

A nan ya kamata in bayyana wani abu na fasaha, don shi ne mabuɗin abin da ya faru daga baya. Fim na asali yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Naɗi ɗaya na ƙafa 400 mai milimita 16 ba ya wuce kimanin minti 11, ba a goge shi a sake, ba a kuma ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Don haka tsada ita ce malamar farko: dole ka rubuta, ka auna haske, ka gwada 'yan wasa, kafin ka taɓa maɓalli. Da darajar Naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sayen fim da wanke shi a waje ya gagara. Kaset ɗin bidiyo kuwa yana ɗaukar awa uku, ana gogewa a sake, ana kuma gani nan take. Ƙofa ta buɗe wa kowa, amma malamar nan ta farko ta fita ta taga.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa, shekara biyu kafin fim ɗin Ibo da ake cewa shi ya buɗe kasuwar Kudu. Waɗanda suka yi wannan aiki 'yan ƙungiyoyin wasa ne, da ma'aikatan talabijin, da masu ɗaukar bidiyon biki da suna. Marubuta littattafai, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, suka shigo suka mayar da labaransu fim. 'Yan kasuwar kaset na Bata da Ƙofar Wambai suka zama masu jari. Zuwa 1999, da Sangaya ya fito, waƙa da rawa irin na finafinan Indiya sun zama abin da kasuwa ke nema, sunan Kannywood kuma ya fito daga mujallar Tauraruwa.

Wajibi ne mu yi wa wannan hanya adalci. Ba da kuɗin gwamnati ba, ta samar wa dubban matasa abinci, ta kai harshen Hausa gidajen Zango a Kumasi, da Garwa, da Injamena, da mazauna Sudan da Makka. Yaro mai ɗaukar waya da fitila ya zama mai kyamara, mai kyamara ya zama darakta. Amma koyon na kwaikwayo ne: abin da maigida bai sani ba, yaro ba zai sani ba. Shi ya sa matsalar sauti da haske da raunin rubutun labari suka yi ta gado. Da Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, an sami mai tsawatarwa kan tarbiyya, amma tsawatarwa daban, koyarwa daban.

HANYA TA UKU: MAKARANTA

A kan takarda, ƙasar nan ba ta yi sakaci ba. Makarantar koyon fasaha da aka buɗe a Kaduna a 1956 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, wanda ya fito da shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. A 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha mai hedkwata a Kaduna, aka kuma fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, da nufin yaro ya fita sakandare da sana'a a hannu. A 1995 aka buɗe Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos. A manhajar babbar sakandare ta 2011 an sa ɗaukar hoto cikin sana'o'i fiye da 30 da ɗalibi zai zaɓa, kafin gyaran 2025 ya rage su zuwa shida, ba kuwa da hoto a ciki ba. A 2020 Hukumar Jami'o'i ta rarraba darasin aikin jarida zuwa fannoni dabam-dabam, har da na fim.

Ina gizo yake saƙa? Makaranta tana da littafi da takardar shaida, amma sau da yawa ba ta da gwani, ba ta da aikin kullum. Ƙa'idar ɗaukar malami tana neman digiri, alhali wanda ya shekara ashirin yana haska fitila a fagen fim ba shi da shi. Ƙa'idar sayen kaya kuma ta fi saurin amincewa da sayen inji fiye da kuɗin gyaransa. Inji kuwa yana tsufa da sauri: kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba intanet wuri, duk a cikin shekara talatin. Wanda aka koya wa maɓallan inji ɗaya, ilminsa ya mutu tare da injin. Wanda aka koya wa haske da sauti da ginin labari, kowane inji ya zo zai hau shi.

ZAMANIN WAYAR HANNU

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, musamman da wayoyi masu kyamara suka yi araha, kyamara da teburin haɗawa da gidan silima duk sun taru a tafin hannu. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta ɗaga matsayin aiki da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, kasuwar faifai ta durƙushe, masu fim suka koma YouTube da shiri mai dogon zango irin Izzar So. Abin da Landan ta riƙe a 1948, yau yana hannun ɗan sakandare. Sai dai samun alƙalami ba shi ne iya rubutu ba.

Akwai kuma wani fanni da duk hanyoyin uku suka manta, watau adana aiki. Fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace wa masu kallo shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar finafinai a Ikko. A Jamus aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ku duba wannan: shekara 70 bayan makarantar Ankara, sai da aka sake fita da hotonmu waje kafin mu gan shi. Abin farin ciki, wannan ya jawo buɗe karatun digiri na biyu kan adana finafinai a Jami'ar Jos. Amma kaset nawa na wasannin talabijin da na finafinan farko na Kano zafi da ƙura suka cinye?

KAMMALAWA

In mun auna da ma'aunin maƙera, za mu ga gwamnati ta ba da gwani da inganci ga mutum kaɗan. Kasuwa ta ba da aikin kullum ga mutum da yawa ba tare da tushe ba. Makaranta kuma ta ba da tushe da shaida ba tare da isasshen aiki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke tsara irin waɗannan shirye-shirye, shawarata huɗu ce. Na ɗaya, a buɗe wa gwanayen kasuwa ƙofar aji, a gwada ƙwarewarsu a ba su shaida, su koyar tare da masu digiri. Na biyu, kowane kasafin sayen kaya ya zo da na gyara da na wutar lantarki, don horon mako biyu da rabon kyamara a gaban 'yan jarida ba ya yaye kowa. Na uku, a koyar da Hausa, a kuma rubuta littattafan sana'ar da Hausa, da yake da ita za a yi aikin. Na huɗu, a sa adana aiki da haƙƙin mallaka da ladabin ɗaukar hoton mutane cikin manhaja, a kuma tabbata 'yan mata sun sami gurbi a bayan kyamara, don akwai ɗakunan biki da na cikin gida da namiji ba zai shiga ba.

Ku kuma ɗalibai, kada takardar shaida ta hana ku durƙusa wa wanda ya fi ku iya aiki, ko da bai yi aji ɗaya ba; amfanin ilmi aiki da shi. Masu tarihi na gobe za su nemi sanin zamanin nan ta hotunan da aka bari, kamar yadda mu muke neman sanin Kano ta 1903 ta hotunan waɗanda suka ci ta da yaƙi. Kakanninmu ba su da zaɓi a kan wanda ya ɗauke su. Ku kuna da shi.

 Allah ya sa mu dace.